Dokar Doña Idalia

Tun da Doña Idalia ta kafa wa mata masu son mata gasar sofbol, wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, a birnin Ponce, dokarta ɗaya ce: ma'aurata ba sa wasa a ƙungiya guda, don rabuwar wasu ta taɓa tarwatsa ƙungiyarta.

Maritza mai jifa ta san da haka, amma bayan atisaye ta ɓoye zobe cikin safar hannun masoyiyarta Nilsa, mai cafe mata ƙwallo shekara tara.

Nilsa ta zura hannu, ta zaro zoben.

"Korata kike yi?"

"Aurenki nake nema."

Nilsa ta daɗe tana kallon rigunansu iri ɗaya, sannan ta sa zoben tana murmushi.

"Na yarda. Amma duk jifarki na haddace, masoyiya. In na koma wata ƙungiya, ran Lahadi za ki sha kashi a hannuna."