Lotsawar Shantali

Shekara tara ke nan da aka haramta gyara. Abin da ya lalace, hukuma ke karɓa ta narkar, ta ba ka sabo.

Da hantsi Lantana ta shiga gidan Sallau, tsohon maƙeri, da shantalin alwalar marigayi mijinta cikin mayafi.

"Yoyo yake, Baba. Jibi masu karɓa za su zo."

An kwashe masa injuna tuntuni. Ya narka dalma a cokali, ya toshe hujin, ya goga toka don kada gyaran ya nuna. Sai ya ɗauki guduma zai daidaita wata lotsawa a gefe.

Ta riƙe hannunsa.

"Bar ta, Baba. Nan babban yatsan Malam yake zama."