Gonar Inna a Cikin Waya

"Ya kama!" Na yi ihu har wayar ta kusa suɓuce mini.

Kwana uku ina fama da 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, wadda na haɗa da kyamarori biyu a gonarmu ta Adogi. Yanzu ga doyarmu ina gani kai tsaye daga gidanmu da ke Azuba.

Na ruga wajen Inna, wadda ciwon ƙafa ya raba da gonarta shekara biyu. Na miƙa mata wayar, ina jiran hawaye.

Ta ƙura ido, ta gyara zama.

"Kawunki ne wannan kwance gindin mangwaro? Kira shi maza. Ce masa ina kallonsa, ya tashi ya ɗauki fartanya."