Na-Gano Ba Ya Kuskure

Ko sunayen 'yan wasan fim ɗin ba a gama nunawa ba, ya buga tebur ya ce, "Na gano. Direban ne ya kashe shi." Kuma direban ne.

Daga nan sunan ya bi shi. A ofishin da yake aiki, daga manaja har mai gadi, Na-Gano suke ce masa. Ba mai son kallon fim kusa da shi, don sai ya faɗi ƙarshen ya ɓata wa kowa rai. Amma duk mai neman abin kallo, teburinsa yake nufa. Na ban dariya, na ban tsoro, na yaƙi, na soyayya, duk suna bakinsa kamar mai tallan magani a mota.

Abin da bai taɓa faɗa musu ba shi ne, ba shi ke zaɓa ba. Akwai wani mai tura fina-finai a waya a bakin layinsu, jikin shagon da matar Na-Gano ke ɗinki. Mutum ne shiru-shiru. Na-Gano na miƙa waya, sai ya duba wani abu a tasa wayar ya ce, "Yau wannan za ka kalla, Yallaɓai." In an tambaye shi labarin fim ɗin, sai ya sosa ƙeya ya ce gani ya kori ji. Na-Gano ya ɗauki wannan a matsayin zurfin ilimi.

A gida kuwa, yana cire takalmi yake toshe kunnuwa da abin sauraron waya.

"Maigida, ina da magana."

"Bari wannan ya ƙare."

To, fim a gidan nan ba ya ƙarewa, wani na sauka wani na hawa. Matarsa ta yi haƙuri har haƙuri ya gaji da ita. Wata rana ta tsaya a kansa ta faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa ta gaji da zaman aure da ƙeyarsa, in bai saurare ta ba zai ɗago wata rana ya ga wayam. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, madalla." A lokacin ana tsakiyar harbe-harbe a fim.

A 'yan kwanakin nan ne mai turi ya shiga ba shi wasu fina-finai masu daɗin gaske.

Na farko na ban dariya ne, a kan wani magidanci da matarsa ta sauya fentin gidan kaf bai lura ba. Na-Gano ya yi dariya har da hawaye, ya tura wa manaja. Sai na ban tsoro: muryar wata mata tana raguwa kullum har ta ɓace, daga baya bangon ɗaki ya riƙa yi wa mijin magana da muryarta. Wannan ya ba mai gadi, bawan Allah ya kwana biyu yana tsoron bango. Na yaƙin a kan wani kwamanda ne da ya duƙufa kan taswira, garinsa na watsewa a bayansa. Na soyayyar ne kawai bai yi masa ba. Wai tsoho ya zauna yana sauraron matarsa, ba duka ba gudu. Ya yi ta tsallakewa, ya kuma gargaɗi 'yan ofis kada su ɓata cajinsu.

Duk fim ɗin da ya gama, sai matarsa ta tambaye shi daga bakin ƙofa, "Me ka gani a ciki?"

"Mijin sakarai ne," in ji shi.

"Haka ne," ta ce.

Daga nan sai ya kama yi mata bayanin kyamara da haske, ya rufe da cewa ita ba ta san fim ba, harka ce ta masu lura. Ba ta musa ba.

Ranar da ya karɓo na bincike, da safe ya tarar da babban akwati ya sauko daga kan sif yana tsakar ɗaki. Ya tsallake shi, ya ce a daina ajiye kaya a hanya. A bakin ƙofa ya ji daɗin yadda wurin takalma ya yi fili. Ta rako shi har waje, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce ya daure ya kalli na yau har ƙarshe. Ya ce ai shi ba sai ya kai ƙarshe ba.

Da hutun rana 'yan ofis suka kewaye wayarsa. Fim ɗin ya buɗe da wani ƙwararren ɗan sanda mai bincike, wanda ba ɓarawon da ke tsere masa, yana karyawa a gida matarsa na ninke zannuwa a bayansa.

Na-Gano ya buga tebur.

"Na gano. Tafiya za ta yi. Ga akwati, ga takalma sun ragu, ga ta tana masa kallon sallama. Wannan ko makaho ya shafa ya ji. A ce mutum aikinsa bincike, amma abu a ƙarƙashin hancinsa bai gani ba?"

Suka kalla har ƙarshe. Ta tafi ɗin. Manaja ya girgiza kai ya ce irin wannan basira asararta ake yi a ofis. Na-Gano ya yini yana hura hanci.

Da aka tashi bai nufi gida ba, sai da ya biya bakin layi. Shagon ɗinki a rufe yake, ya ce a ransa yau an tashi da wuri. Ya miƙa wa mai turi waya yana murmushi.

"Gaskiya kai gwani ne. Duk wanda ka ba ni sai ya zauna daram. Yau me za mu kalla?"

Mai turi bai karɓi wayar ba. Ya duba tasa, ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ni ko ɗaya ban taɓa kallo ba, turawa kawai nake yi. Madam ce ke zaɓar maka, kuma ɗazu ta biyo da akwatinta ta ce na yau shi ne na ƙarshe."