Manzon da Ba a Aika Ba

Kailu na tsaka da faɗa Harisu ya shigo zauren Sarkin Zango sanye da sabuwar riga saƙi, kyautar Julawa, 'yan kasuwar unguwar Adjamé. Ta uku ke nan a shekarar. Kailu ya dubi rigar, maganar bakinsa ta ƙara ɗaci.

Gardamar tasu tsohuwa ce, kowa a unguwar Treichville ya haddace ta. Hausawa baƙi ne a Abidjan, kuma a shekarar 1941 kumandan, Baturen Faransa mai mulkin gari, na kallon duk mai kai shanu Kumasi a matsayin ɗan leƙen asirin Ingilishi. Abin da ya hana a kore su shi ne Lansina, dattijon Julawa, wanda kan je biro, ofishin kumandan, ya tsaya musu duk lokacin da aka taso da maganar. Yanzu an sake tasowa, ranar Litinin za a zauna, Lansina kuwa ya fara jan ƙafa.

Ra'ayin Kailu bai taɓa sauyawa ba. A hana mahautan Adjamé shanu mako biyu, a daina sayen goronsu, a ga ko ba za su zo da rarrafe ba. A wajensa zango ba zai zauna lafiya ba sai abokansa na shakkarsa. Harisu kuma kullum cewa yake in aka matsa wa Julawa za su nemi wasu abokan, a bar Hausawa su kaɗai a gaban Bature. Yakan faɗi haka a hankali, sannan ya tsokano Kailu ya maimaita barazanarsa, musamman in akwai mai sayar da goro daga Adjamé zaune a waje. Kailu kuwa ba ya ƙin maimaitawa. Allah ya ba shi murya, sai dai jikin bai kai muryar ba.

Sarki Nomau zai saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya aiki Harisu. Shekara bakwai ana haka. Harisu ya je ya dawo da alkawari da yabo. Kailu ko zauren Lansina bai taɓa takawa ba, kuma ranar da manyan Julawa za su kawo ziyara, ranar ce Sarki ke tuna akwai shanun da Kailu zai duba a hanyar Bassam.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ba ƙin shawararsa ne ya fi ƙona shi ba, yadda ake miƙewa in Harisu ya wuce ne. To me ke cikin lallashi? Murmushi ne da goro, shi ma ai yana da haƙora. In ya kawo Lansina biro da kansa, a ga wanda za a miƙe wa.

Ranar Asabar da hantsi, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya sa hularsa ta Juma'a, ya ja rago, ya haye gada zuwa Adjamé.

Da ya faɗi sunansa a ƙofar Lansina, zauren ya yi tsit. Sau biyu dattijon ya tambaya ko shi ne Kailun Treichville. Ya tashi daga buzunsa ya ba shi, ya fara cewa game da ranar Litinin, ai dama shi bai ce ba zai je ba.

Kailu ya katse shi, don kada jawabin da ya shirya a hanya ya ɓace masa. Da Julancinsa na kasuwa ya ce zumunci ya kawo shi. Duk abin da suke ji a kansa baki ne kawai. Ba wanda zai hana su shanu, don Sarki bai taɓa ɗaukar shawararsa ba ko sau ɗaya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa.

Lansina ya dube shi daga hula har takalmi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya fashe da dariya, zauren duka ya ɗauka. Aka karɓi rago, aka sa masa albarka, aka raka shi har bakin titi. Kailu ya dawo gida bakinsa har kunne.

Ranar Litinin Hausawa suka tsaya a ƙofar biro har rana ta take. Lansina ya aiko cewa ƙafa na damunsa. Kumandan ya karanta sunayen fatake arba'in da za su bar gari kafin wata ya mutu, na Kailu a cikinsu.

Harisu ya ruga Adjamé, ya dawo bayan la'asar. Ya tarar da Kailu a zaure yana cewa ga inda lallashi ya kai su, shi ma ya gwada shi ranar Asabar ya ga ba ya haifar da komai. Sarki ya sunkuyar da kai.

"An gaya mini ka je," in ji Harisu. "Mi ya kai ka, Kailu?"

"Abin da ke kai ka. Ko kai kaɗai ka iya murmushi?"

Harisu ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa.

"Ni ban taɓa lallashinsu ba. Shekara bakwai magana ɗaya nake kai musu: ku yarda da ni, in ba haka ba Sarki zai aiko Kailu."