Fassarar Baba

"Baba, wannan ai ba fassara ba ce!" Ta dangwarar da littafin a cinyarsa.

Gobe za ta fara koyarwa, shugaban makaranta zai zauna bayan aji yana auna ta, darasin kuwa karin maganar Turanci ne. Shekara talatin mahaifinta ya yi yana koyar da shi, amma a littafinsa babu bayani ko ɗaya, sai mutane.

Gaban *bite the bullet* ya rubuta: ƙanena, ranar da aka ɗora masa karaya bai ce uffan ba.

"Bayani yana ƙamus, 'yata," in ji shi, bakinsa a karkace tun da ɓarin jikinsa ya shanye. "Ni sai na ga magana tana tafiya da ƙafafunta nake rubuta ta. Buɗe gaba."

*Through thick and thin.* Kalma ɗaya ce a gabanta: mahaifiyarku.

Ta ɗaga kai. Ga Inna durƙushe tana cusa matacciyar ƙafarsa cikin takalmi, tana mita: "Malam, ka cika son jiki!" Kullum haka, shekara goma sha ɗaya.

Ta ɗauki littafin da hannu biyu.