Bututun da Ya Faɗi Cikin Rairayi

An yi wani direban babbar mota a wani gari na masu noman rani, wanda ya shekara ashirin da biyu yana zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu. Ya san motarsa kamar yunwar cikinsa, ko tari ta yi ya san inda ke mata ciwo. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Wata shekara da tumatir ya nuna, manoman garin suka haɗa kwandunansu suka loda masa, kowa da tsumman da ya ɗaura wa nasa don shaida, domin ya kai musu kasuwar Ikko. Wahalar wata uku ke nan ta ban-ruwa da korar tsutsa aka ɗora a bayan mota ɗaya. Tumatir kuwa ba shi da kara: kwana biyu yake ba ka a hanya, a na uku sai ya fara hawaye. Da zai tashi, wani dattijo maƙwabcinsa, wanda shi ma kwandonsa na ciki, ya riƙe masa hannu ya tuna masa cewa amana ce ya ɗauka, shi kuwa ya yi dariya ya ce bai taɓa kwanar da kayan mutane a daji ba.

Bai gama fita gari ba ya ji motar tana numfashi da ƙyar a kan hawa. Nan take ya gane filtar mai ce ta toshe, wato matatar da ke tare dattin gas kafin ya isa famfon inji. Sai ya ratse garejin wani tsohon bakanike, wanda direbobi ke yi wa tsiya wai kafin ya kwance noti ɗaya sai an yi salla biyu. Shi wannan tsoho yana da al'adarsa. In zai taɓa bututun mai, sai ya share ƙarƙashin mota, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhu, ya wanke kan bututun da gas, sannan duk wanda ya kwance ya rufe bakinsa da leda mai tsabta ya ɗaure da roba. Da direba ya ga ya ɗauko tsintsiya, sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Baba, filta na zo a canza mini, ba shara ba." Tsoho bai ko ɗago ba, ya ce, "Bututun da ke fita daga filta ba shi da mai gadi a gabansa. Abin da ya shiga ta nan, sai cikin famfo." Direba ya ga abin ɓata lokaci ne, ya sayi sabuwar filta, ya gusa bakin titi ya ɗauko sifanarsa. Ai kuwa ya iya aikin, wannan ba a ja masa. Ya rufe man tanki, ya kwance bututun da ke shiga, ya kwance ɗan gajeren da ke fita zuwa famfo, sai ya suɓuce daga hannunsa mai maiƙo ya faɗi cikin rairayi. Ya ɗauka ya goga a wando, ya hura bakinsa sau biyu, ya mayar. Ya fitar da iskar da ta shiga bututun, ya murɗa makulli, mota ta ɗauka. Da ya zo wucewa ta gaban garejin har da matsa wa tsoho oda, shi kuwa yana tsaye da tsintsiyarsa.

Ranar farko lafiya lau. Washegari da rana tsaka, tsakanin gari da gari, inda babu ko inuwar kirki, motar ta fara shaƙewa, ta yi farin hayaƙi, ta mutu. Sai da aka ɗauko wani bakanike daga nesa, ya sauke famfon gaba ɗaya, ya tafi da shi birni, ya dawo bayan kwana uku. Da ya dawo ya buɗe wata 'yar takarda ya nuna wa direba abin da ya tarar a ciki, ƙwayoyin rairayi ne da ba su fi ƙwayar gishiri girma ba. Direba ya dube su, ya dubi bayan motarsa inda jan ruwa ke ɗiga a kan kwalta, ƙudaje sun yi baƙi. Nan ya ji kunya ta rufe shi, domin babu wanda zai ɗora wa laifi. Sabuwar filtar tana nan ƙal, ta yi aikinta, shi ne ya shigar da ɓarawo ta bayanta da hannunsa. Haka abin yake ga mutum ma, sau da yawa ba wajen da ake tsaro ake cin sa ba, sai a ɗan lokacin da ya buɗe ƙofa don gyara.

Shi kaɗai ya sauke kwandunan nan ya zubar a gefen hanya, yana gane na kowa da tsummansa, har ya zo kan na dattijon da ya riƙe masa hannu. Sannan ya ari tsintsiya a ƙauyen da ke kusa, ya yini yana share ruɓaɓɓen tumatir daga cikin motar, alhali yana tunanin bakin da zai buɗe gaban mutanen garinsu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya ƙi sharar masallaci, zai yi ta kasuwa.