Bututun Gidan Sama

"Ba laifi aka aikata ba, Tela," in ji ɗan sandan. "Rigimar maƙwabta ce. Kotu za ka."

Wata uku ke nan bututun gidan sama yana ɗiga a kan keken ɗinkina. Ɗan hayar ya ce gyara aikin mai gida ne, shi kuwa dillali kawai ya sani. Sai na kai ƙarar ɗan hayar. Magatakarda ya ce na cike takardar da ba ita ba. Na sake. Aka ɗage zama sau biyu. Leshin wata Hajiya ya yi tabo, na sha zagi.

Yau dai aka kira ni. Na miƙa hoton gidan da bututun.

Alƙali ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa.

"Ba zan saurari ƙarar nan ba. Doka ta hana mutum yin alƙalanci a maganar da ta shafe shi."

"Ranka ya daɗe, ina ruwanka da bututu?"

Ya yi gyaran murya. "Gidana ne."

Na daɗe ina kallonsa.

"To ranka ya daɗe, kafin a samo wani alƙalin, a daure a turo mai gyara."